Ranakun Da Ba Su Da Hoto

Wata ranar Laraba da yamma, gab da kiran magariba, sai ga 'yar yayata ta faɗo gidana ko sallamar kirki babu, ido ya yi jawur. Na ɗauka rasuwa aka yi. Sai da na zaunar da ita na ba ta ruwa sannan ta iya buɗe baki: an zare mata waya a cikin adaidaita sahu a hanyar Kabuga, ba ta ankara ba sai da ta sauka ta laluba jaka za ta biya kuɗi. Na ce, "Haba 'yar nan, a kan waya kike wannan kuka? Ai ki gode wa Allah da aka zare a ɓoye. Da wuƙa aka nuna miki fa? Allah Ya mayar da alheri." Sai ta ɗago kai ta ce, "Anti, ba wayar nake wa kuka ba. Hotunana na shekara huɗu ne a ciki, kuma ban adana su ko'ina ba. Wallahi ji nake kamar rayuwata aka ɗauke."

Kalmar nan "rayuwata" ita ta hana ni barci a daren, ita ce kuma ta sa na ɗauki biro a wannan wata. Yarinya da ranta da lafiyarta, ga iyayenta, ga aikinta, ga wanda zai aure ta, amma ta ce an ɗauke rayuwarta don hotuna sun ɓata. Shin wautar ƙuruciya ce, ko akwai wata gaskiya a cikin maganar? Budurwar birni ce take juya hoto a yau, ko hoton ne yake juya ta? In akwai laifi a ciki, a wuyan wa yake?

Bari in fara gabatar da ita, don kada mai karatu ya zaci wata 'yar gata ce da ba ta san zafin nema ba. Shekarunta 24. Ta gama digiri, ta yi hidimar ƙasa, yanzu tana koyarwa a wata firamare ta kuɗi. Tun asuba take tashi ta dama koko, ta shirya ƙannenta, ta fita titi jiran adaidaita, wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 shi yake fara cin rabonsa a albashinta kafin kowa. Asabar da Lahadi tana Islamiyya. Ran da ta samu sarari ta shiga Kantin Kwari ta saro mayafai, ta haɗa da humra da turaren wutan da take yi da hannunta, ta ɗora a WhatsApp. Da dare in an kawo wuta su kalli shiri mai dogon zango a Arewa24 ita da mahaifiyarta, in ba a kawo ba ta kwanta da waya a hannu har barci ya ɗauke ta. An sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah.

Hotunan da ke cikin wayar kashi biyu ne. Akwai nata na kanta: ranar gama jami'a da farar rigar da ƙawaye suka cika da rubutu, ranar da ta fara sa kakin hidimar ƙasa, kwalliyar Sallah ta kowace shekara, ranar da aka kawo kayan sa rana. Akwai kuma na wasu, waɗanda ta riƙa tsintowa tana tarawa: wani ɗinki, wani zanen lalle, wani ɗaurin ɗankwali, labulen falon wata, kicin ɗin wata, amaren da ba ta taɓa gani ido da ido ba. Kashi na farko abin da ta zama ne, na biyu abin da take son zama. Da su take zuwa wurin tela, da su take lissafin kayan ɗakinta.

In aka kawo irin wannan magana, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce ai shi ke nan, fim da waya sun gama lalata 'yan matan zamani, ba su da aiki sai burin ƙarya. Wasu kuma su ce rayuwarta ce, kuɗinta ne, a bar yarinya ta ci zamaninta. Ni dai duk biyun ba su gamsar da ni ba, domin na farko sun manta da nasu ƙuruciyar, na biyu kuma sun ƙi duba abin da ya canja.

Mu faɗi gaskiya, mu ma mun yi. Ina budurwa lokacin da Sangaya ya fito a 1999. Mukan haɗa kuɗi mu karɓo hayar kaset, mu taru a gidan da ke da bidiyo, a riƙa tsayar da fim ana mayarwa baya, ba don labarin ba, don mu ga yadda aka yanka wuyan rigar Fati Muhammad, washegari mu je mu kwatanta wa tela da baki da hannu. Mujalla irin wannan da ke hannunka, hoton bango muke fara kallo, wasu ma har su yanke su liƙa a cikin murfin akwati. Yayyenmu kuwa finafinan Indiya suka kalla a talabijin, daga can suka koyo yafa gyale a kafaɗa da zizara kwalli har gefen ido. Iyayenmu ba su da talabijin, amma suna da jere: kwalla da tasa da langa a ɗora su tun daga ƙasa har kusa da rufi, mata su yi ta zuwa kallo, kowace ta koma gida da abin da za ta yi wa 'yarta. Kafin su kuma akwai ƙwarya mai zane da faifai mai launi. Ido daga ido yake koyo, tun fil azal. Son kyau ba cuta ba ne, kuma macen da ba ta sha'awar ta gyara jikinta da ɗakinta ba ita muke yabo ba. Saboda haka in 'yata ta tara hoton lalle ɗari a waya, ban ga abin da ta yi wanda kakarta ba ta yi da idonta a gidan biki ba.

To mene ne ya canja? Abu uku na gani.

Na farko, mu mun san fim fim ne. Zubainar Sangaya ba maƙwabciyarmu ba ce. In kaset ya ƙare a mayar wa mai haya, a koma wanke-wanke. Ko wadda ta fi kowa wauta a cikinmu ta san kayan da 'yar wasa ta sa na aiki ne. Amma abin da 'yata take kallo a Instagram da TikTok ba a ce mata wasa ba ne. An ce mata rayuwar wance ce, wadda suka zauna benci ɗaya a sakandare. Sha'awar 'yar fim tana da iyaka, domin tana can nesa. Gwada kai da sa'a kuwa ba shi da ranar ƙarewa, kuma ba ya jiran a kawo wuta, yana cikin tafin hannu tun daga farkawa har kwanciya.

Na biyu, a da hoto bayan sha'ani yake bi. Wayar salula ma sai 2001 ta shigo mana, kuma irin na farkon ba sa ɗaukar hoto. Fim ɗin da ake sa wa kyamara hoto 36 yake ci, sai an biya an wanke, sai an jira kwanaki. Don haka biki ake yi tsakani da Allah, mai hoto ya raɓe a gefe ya ɗauki abin da ya samu. Wani hoton amarya ta rufe ido, wani an yanke kan gwaggo, haka ake jera su a albam ana dariya. Yanzu sha'anin ne yake bin hoto. Na je kamun da aka tsayar da komai, tsofaffi na zaune da yunwa, don amarya ta sake shigowa har sau uku saboda mai ɗauka bai samu yadda yake so ba. Launin anko, wurin zama, har sanda amarya za ta sunkuyar da kai, duk ana tsara su da tunanin yadda za su fito a waya. Ranar da ya kamata yarinya ta ji a jikinta cewa yau za ta bar gidan ubanta, sai ta ƙare tana tunanin ko hodarta ta lalace.

Na uku, albam sai wanda ya tako ɗakinki kike miƙa wa. Wanda ya shigo ɗakinki kuwa ya ga albam, ya kuma ga ledar ɗakin da ta yage ta wajen ƙofa. Wato yana ganin rayuwar dukanta. Mai kallon waya lungu ɗaya yake gani, wanda aka share.

Wani zai ce to ai ƙarya ke nan, nuna lungun da aka share a ɓoye saura. A nan ban yarda ba. Bahaushe ya daɗe da sanin rufin asiri. Matar da ta kwana ba ta ɗora tukunya ba, ta wanke zanenta ta goge, ta je suna tana fara'a, ba ma kiran ta maƙaryaciya, cewa muke ta riƙe mutuncinta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Babu wanda ya wajabta wa budurwa ta ɗauki hoton ranar da ta yi kuka ta nuna wa duniya. Inda iyakar take shi ne, rufin asiri ɓoye rashi ne, ƙarya kuwa ƙirƙiro samu. Wadda ta tsaya jikin bangon gidansu mai fenti ta bar wanda ya tsage, asirinta ta rufa. Amma wadda ta jingina da motar da ba ta san mai ita ba, ko ta aro sarƙar gwal ta ce kyautar saurayi ce, ko ta sa waya ta wanke mata fata har mai zuwa zance ya wuce ta a ƙofar gida yana tambayar yara, wannan ta tsallake iyaka. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuma wanda aka fara cuta da wannan ƙarya ba mai kallo ba ne, ita ce da kanta. Duk ranar da ta dubi madubi ta ji fuskar da Allah Ya ba ta ba ta kai wadda waya ta ba ta ba, ranar aka ci ta da yaƙi. Daga nan man bilicin yake samun kasuwa.

Saura haƙƙin mai kallo, kuma shi ya fi ba ni wahala. A ce abin da kika nuna gaskiya ne, naki ne, halaliyarki. Shin kina da alhakin zuciyar da ta gani ta karaya? Na tambayi 'yata, ta ce babu, wanda bai so ya kau da ido. Akwai gaskiya a maganarta, hassada laifin mai yin ta ce. Amma na tuna wata ɗabi'a ta iyayenmu. In aka yi girki mai ƙamshi sai an zuba a kwano an kai maƙwabta, wai ƙamshi ya riga ya shiga gidansu, ba a barin su da shi haka kawai. In za a aiki yaro da kwanon kuma sai an rufe, saboda na zaune a hanya. Ba doka ba ce, kara ce. To hoton akwatin lefe 12 da aka baje a waya ƙamshi ne da babu kwano a bayansa. Yana shiga ɗakin marainiyar da aka ɗaga aurenta sau biyu saboda kayan ɗaki. Yana isa wurin saurayin da yake tara ɗan albashinsa, ya gani ya ce wannan ya fi ƙarfina, ya janye. Yana isa wurin uban da zai sayar da filinsa don kada a yi wa 'yarsa gori. Ban ce haramun ba ne, wannan sai malamai. Na dai ce mai kara takan tuna da waɗannan mutane kafin ta danna.

Amma fa jama'a, mu daina ɗora wa 'yan mata kayan nan su kaɗai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Su wa suke zuwa ganin jere su ɗaga labule, su buɗe kwaba, su koma gida suna ƙirga abin da babu? Mu ne, iyaye mata. Su wa suke tura wa abokai hoton yarinya suna tambayar "ta yi?" tun kafin su tambayi halinta? Samari ne. Yarinya ta ga ana auna ta da ido, me zai hana ta gyara abin da ido yake gani ta bar wanda ba ya gani?

Sai kuma mu, marubuta da 'yan fim. Tun daga littattafan soyayya na shekarun 1990 har zuwa finafinai masu dogon zango na yanzu, sau nawa aka kwatanta tauraruwar labari ba a ce fara ce, doguwa, mai gashi har gadon baya ba? Sau nawa labari ya ƙare ba a cikin katafaren gida a Nassarawa ko Abuja ba? Sama da shekara 30 muna koya wa yarinya cewa ladan haƙuri shi ne falo mai kujerun alfarma, sannan mu dawo muna mamaki don ta je ta nemi falon, ko da na aro ne, ta ɗauki hoto a ciki. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta ba mu Rabi, matar da miji ya kora da 'ya'ya 9, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Babu wani abin ɗauka a hoto a bakin murhun Rabi, amma har yau wanda ya karanta bai manta da ita ba. Irin wannan mace tana nan a kowane layi a Kano, da irin 'yata mai tsayuwar jiran adaidaita da safe. Kyamararmu ce ba ta cika juyawa wajensu ba, in ma ta juya sai don a tausaya musu kafin wani mai kuɗi ya zo ya cece su.

Bayan kwana biyu, da ta ɗan huce, ta dawo gidana. Na ce mata, "Lissafa min ranaku biyar a cikin shekara huɗun nan, waɗanda kika san in an cire su ba ke ba ce." Ta fara da ranar gama jami'a, sai ta yi shiru ta daɗe. Can ta ce daren da ta kwana a kan tabarma a barandar asibiti, sanda aka yi wa mahaifiyarta aiki, tana addu'a har asuba. Ta ce ranar da ta karɓi albashinta na farko ta biya wa ƙaninta kuɗin jarrabawar fita sakandare, ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce ranar da ta ce wa wani mai hali a'a, saboda abin da ta gani na ɗabi'arsa, aka yi wata guda ana fushi da ita a gida. Ta ce ranar da wani yaro a ajinta, wanda kowa ya haƙura da shi, ya karanta layi guda shi kaɗai ya ɗago yana kallon ta.

Na ce, "A cikin biyar ɗin nan, nawa ne suke cikin wayar?"

Ta ce, "Ɗaya."

Na ce, "To ɗaya ɓarawo ya samu, shi ma inuwarsa ya ɗauka, tunda takardar digirin tana cikin akwati."

Na zaci na gama cin gardama. Sai ta ce, "Anti, akwai hoton Hajiya fa. Wanda na ɗauke ta ranar Sallar ƙarshe tana dariya, da goro a hannu. Ba wanda yake da shi sai ni." Hajiya mahaifiyata ce, kakarta, bara Allah Ya karɓi abinSa. A nan bakina ya mutu. Ni da na zauna zan yi wa yarinya wa'azi, sai ga shi ita take ba ni haƙuri.

Saboda haka ba zan ce hoto banza ne ba, duk wanda ya ce haka bai rasa wani nasa ba. Hoto shaida ne. Yana tsayawa ya ce wannan rana ta faru, wannan fuska ta taɓa yin dariya a tsakar gidan nan. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗauke shi daga wurin shaida a ɗora shi a kujerar alƙali, ya zama shi ne mai yanke wace rana ce mai daraja, wane aure ne ya yi armashi, wace yarinya ce ta ci gaba. Alƙali ne da ba ya ganin barandar asibiti, ba ya ganin kuɗin jarrabawar ƙani, ba ya ganin a'ar da aka faɗa a zaure. Budurwar da ta bar masa hukunci za ta wayi gari tana raina mafi kyawun ranakunta, tana cin bashi don ranakun da ba su kai ba.

'Yar'uwata budurwa, ki tara hotunan ɗinkinki da na lallenki, ki kai wa tela, ki yi kyau, babu mai hana ki. Amma ki riƙa tambayar kanki abu biyu. In za ki kwaikwayi abin da kika gani: da babu mai ɗaukar hoto a wurin, zan so shi kuwa? In za ki nuna naki: gaskiya ne, kuma wa zai gani? Sannan don Allah ki adana na tsofaffinki a wani wuri daban, ko ki wanke su a takarda.

Ita kuwa 'yar tawa ta ɗauki adashi ta sayi wata wayar. Har yanzu muna ja-in-ja a kan ɗinkin kamu, ta riga ta sake tara wasu hotunan, ban kuma ce na ci nasara a kanta ba. Amma ta nuna min hoton farko da ta ɗauka da sabuwar wayar: mahaifiyarta ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsintar shinkafa, ba hoda ba jan baki. Wai da yayar tawa ta ankara sai ta hau faɗa, "Ke wace irin yarinya ce, ba kya bari in canja ɗankwali?" Kun ji fa, ashe abin a jini yake.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya jiƙan magabatanmu. Sai wani watan in Allah Ya kai mu.